Me Ya Sa Injin Casar Masara Ke Yin Tsatsa Tun Bai Tsufa Ba?

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Malumfashi ta Bakori gab da kaka zai ga masu walda sun jera sababbin injina a bakin titi: na casar masara, na sussukar dawa, na niƙa, ga amalanken shanu. Hannun mutanenmu ne ya ƙera su, wasu ma daga guntayen ƙarafan tsofaffin motoci. Kusan duka sun sha fenti, kore ko shuɗi, sai ƙyalli suke. Amma a koma a duba su bayan damina biyu. Wani yana nan garau, wani kuwa ƙafafunsa sun zagwanye. Kawuna ya sayi irin na biyun, kuma a kaka ta uku gindin mazubin ya huje, masara tana tsiyaya ƙasa ana tsakiyar aikin mutane. Da na tambayi malaminmu na kimiyya, sai ya ce laifin ba na ƙarfen ba ne, na abin da aka yi masa kafin a shafa fenti ne.

Tsatsa tana buƙatar abu uku: ƙarfe, ruwa da iskar oksijin. In aka raba ƙarfe da ɗaya daga cikin biyun nan, ba za ta kama ba. Kowa zai iya gwadawa da ƙusa uku da kwalba uku. A sa ɗaya a cikin ruwan da bai rufe kanta ba, ta biyu a busasshiyar kwalba mai murfi, ta uku a ruwan da aka tafasa sannan aka zuba man gyaɗa a samansa don ya tare iska. Cikin 'yan kwanaki ta farko za ta yi ja, sauran kuwa da kyar a ga wani canji. Mugun halin tsatsa shi ne ba ta manne wa ƙarfe. Kumbura take yi ta ɓare, ta buɗe sabon wuri ga ruwa, haka har ta ci ta fita ta ɗaya gefen. Tukunyar alminiyam ita ma iska tana taɓa ta, sai dai fatar da take yi siririya ce mai ƙarfi, tana rufe tukunyar ta kare ta. Kwanon rufi kuwa tutiya aka lulluɓe shi da ita tun daga masana'anta. Baƙin ƙarfen mai walda ba shi da ko ɗaya, sai abin da aka shafa masa.

A yankinmu akwai abin da ke ƙara wa tsatsa gudu, wato takin zamani. Yana jan laima daga iska, kuma ruwan da ya narkar da shi ya fi ruwan sama cin ƙarfe. Wanda ya jingina buhunan taki da injinsa a ɗaki ɗaya duk damina, shi ya gayyato ta. Haka dusar da aka bari a lungunan inji, tana shan ruwa ta riƙe shi.

To ina kuskuren yake? Yawanci a gaggawa. Sabon ƙarfe yana zuwa da wata baƙar fata daga masana'anta, ga maiƙo, ga ɓawon da walda ke bari a kan ɗinki, mai kama da kashin maƙera. In aka yi feshi a kan waɗannan, fentin bai taɓa ƙarfen ba, datti ya kama. Ranar da dattin ya saki, fentin zai bi shi, ruwa ya shige ƙarƙashi ya ci gaba da aiki a ɓoye. Shi ya sa gogaggen mai walda ya fi ɓata lokaci a kankara fiye da shafawa. Zai ƙwanƙwashe ɓawon da guduma, ya bi da burushin waya da sanfefa har ƙarfen ya yi haske, ya goge maiƙon da tsumma da tina. Daga nan ba ya bari ya kwana tsirara, don raɓar dare ɗaya ta isa ta sa shi ya fara ja.

Shafin farko shi ne jan fentin nan da masu shago ke kira red oksayid. Ba don ado ake sa shi ba, aikinsa ya kama ƙarfe ya ba na sama wurin zama. Sai ya bushe sarai, gwargwadon lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani, sannan a bi da fentin mai, shafi biyu marasa kauri. Shafi ɗaya mai kauri yakan bushe a sama ya bar ciki ɗanye, ya yi ta zuba yana yamutsewa. Fentin ruwa na bango ba na wannan aiki ba ne. A kula da ƙarƙashi da kusurwoyi da ƙafafun da ke taɓa ƙasa, don nan tsatsa ke farawa, kuma nan ne mai saye ba ya leƙawa. Ko hasumiyar Eiffel ta birnin Paris a Faransa, wadda aka gama a 1889, ana sake mata fenti kusan duk shekara 7, tana cin kimanin tan 60 kowane karo, kuma kankara ake fara yi.

Akwai wuraren da fenti ɓarna ne. Ba a shafa shi a boris, ko sandar da ke juyawa a cikinsa, ko kwarin da bel ke bi, ko zaren noti. Waɗannan giris ko mai suke so, ban da kwarin bel, wanda ake bari a bushe don kada bel ɗin ya riƙa zamewa. Haka cikin injin niƙa, inda hatsi ke gogawa: duk fentin da aka sa a can, a tuwo zai ƙare. Wannan ba wasa ba ne, don wasu fentoci, musamman tsofaffi, suna da dalma a ciki, kuma mun ji yadda gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. In za a ajiye injin niƙa, a share cikinsa a shafe da man gyaɗa.

Ɗaliban da ke zuwa koyon walda bayan an tashi makaranta, a yi feshi a fili, nesa da tartsatsi, don tina tana kama wuta nan take. A rufe hanci lokacin kankare tsohon fenti, kada kuma a yi walda a kansa, hayaƙin guba ne. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne bayan an gama casa, ruwa ya ɗauke, a ranar da hazon hunturu ya lafa, don ƙura in ta sauka a kan ɗanyen fenti sai an sake bi da sanfefa.