JININ DA YA ƘI TSAYAWA: A TAMBAYA KAFIN A SA WA YARO ASKA



Kun san a nan Karfi idan kaka ta yi, aka kai masara da dawa rumbu, sanyi ya fara bugawa, to lokacin kaciyar yara ya zo. Yawanci akan yi a gama lafiya. Amma wani lokaci sai ka ji an ce an yi wa yaro kaciya tun safe, har dare jini bai tsaya ba. An sa gari, an ɗaure, an sake ɗaurewa, yana ta tsiyaya. Daga nan sai a shiga zargin wanzami, ko a ce maita ce ko sammu. To, akwai wani ciwo sananne da kan jawo haka, likitoci na kiran sa himofiliya, wato rashin daskarewar jini.

Mene ne wannan ciwo?

Idan lauje ya yanke ka, ƙananan ƙwayoyin jini kan ruga su taru a bakin ciwon kamar an jera tubali. Sannan wasu sinadarai fiye da goma, waɗanda likitoci suka sanya wa lamba, su zo su riƙe su kamar yadda laka ke riƙe tubali. Mai himofiliya sinadari ɗaya ne ya yi masa ƙaranci: ko mai lamba 8, wanda shi ya fi yawa, ko mai lamba 9. Tubali na nan, laka ce babu, sai ginin ya yi ta rushewa. Saboda haka jininsa ba gudu ya fi na kowa ba, daɗewa yake yi bai tsaya ba.

Akan sami irin na lamba 8 ga kamar yaro namiji 1 cikin 5,000 da aka haifa. Kuma hawa-hawa ne. Wani mai tsanani ne, jini kan zuba cikin gaɓarsa ko bai buge ba. Wani kuwa mai sauƙi ne, ba a ganewa sai ranar kaciya ko cire haƙori.

Ba sabon abu ba ne. Likitan nan na Andalus, Abul Ƙasim Azzahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya ba da labari cikin littafinsa Attasrif na wasu mazaje da ƙaramin rauni ke kashewa ta hanyar zubar jini. Ba kuma ciwon talaka ba ne. Sarauniya Biktoriya ta Ingila tana ɗauke da shi, ɗanta Leopold ya mutu da shi a 1884 yana da shekara 30, bayan ya faɗi.

Ta ina yake zuwa?

Gado ne, ba a ɗauka wajen wasa ko cin abinci tare. Galibi maza yake kamawa, amma ta wajen uwa yake biyowa. Uwa na iya ɗauke da shi ba ta sani ba. Duk namijin da ta haifa, rabi da rabi ne: ko ya samu ko ya tsira. Shi kuwa uba mai ciwon ba ya ba 'ya'yansa maza, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauka, yana iya fitowa ga jikokinsa maza. Wasu daga cikin matan nan kan yi fama da yawan jinin al'ada ko na haihuwa, don haka su ma su gaya wa likita.

Ka ga ke nan tambayar da za a yi ita ce: cikin kawunnan yaron nan, ko 'ya'yan innoninsa, ko yayyensa maza, akwai wanda jini ya taɓa ƙin tsaya masa? Sai dai kamar kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon, ba a taɓa ganin sa a danginsu ba. Kuma don Allah kada maigida ya ɗora wa uwar yaro laifi, ba ita ta zaɓa ba.

Alamomin da za a lura da su

Jini ya daɗe bayan yanke cibi, ko cire belu, ko tsaga, ko kaciya. Yaro mai rarrafe ya riƙa yin manyan tabon kwanciyar jini masu kumburi. Wurin allura ya kumbura sosai. Baki ya yi ta jini idan ya ciji harshe ko haƙori ya faɗi. Babba kuma ita ce gwiwa, ko gwiwar hannu, ko idon sawu ya kumbura, ya yi zafi, yaro ya ƙi takawa. Nan ne mutane ke cewa sanyin ƙashi ne ko sikila, alhali jini ne ke zuba a ciki. Idan abin ya yi ta maimaituwa, gaɓar kan lalace, yaro ya gurgunce.

Abin da za a yi

Na farko, gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa. A fara da babban asibitin Malumfashi ko na Funtua, a nemi su tura ku wajen likitocin jini a asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano a Kano. Maganin shi ne a ƙara wa yaro sinadarin da ya rasa ta jijiya. Yana da tsada, amma akwai Gidauniyar Himofiliya ta Nijeriya, wadda Megan Adediran, uwar yara masu ciwon, ta kafa a 2005, tana taimaka wa iyalai. Ku tambayi likita yadda ake rajista.

Na biyu, kada a yi masa ƙaho, ko sakiya, ko tsaga, ko cire belu. Gaɓar da ta kumbura kada a kai wa maɗori ya murza. Kaciya kuwa sunna ce mai ƙarfi a mazhabar Imamu Malik, amma malamai sun yi bayanin a jinkirta ta idan ana tsoron halaka. Ana yin ta a asibiti bayan an ba shi maganin.

Na uku, kada a saya masa asfirin, ko ibuprofen, ko diclofenac a kemis, domin suna ƙara zubar jini. Panadol ake ba shi, gwargwadon shekarunsa. Duk mai yi masa allura a gaya masa tun kafin ya soka.

Na huɗu, idan ya yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta kamar minti goma ba ɗagawa. Idan gaɓa ce, a hutar da ita, a ɗaga ta, a sa ƙanƙara cikin ƙyalle. Idan kuwa kansa ya bugu, ko wuya ko ciki, to a tafi asibiti nan take, ko da ba a ga jini ba.

Ku iyaye, ku sanar da makaranta, domin irin wannan yaro ba a sa masa bulala ko ranƙwashi. Ku kuma ɗalibai, ban da kokawa da shi ko turereniya, amma kada ku ware shi. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take, yana iya fin ku hadda.

Kafin a kira wanzami bana, a zauna a tambayi dangin uwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya, amin. Wassalam.