Titin da Kamfani Ya Gina, Kuɗin Wa Aka Kashe?

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan dokar zartarwa mai lamba 007. Abin da ta tanada shi ne, kamfani zai iya zuba kuɗinsa ya gina ko ya gyara titin da gwamnatin tarayya ta amince da shi, daga baya a zaftare masa abin da ya kashe daga harajin ribar da ake bin sa. Manyan kamfanoni kuwa kashi 30 cikin ɗari na ribarsu suke biya, don haka ba maganar ƙananan kuɗi ake yi ba.

Ta wannan hanya Dangote ya karɓi titin Apapa zuwa Oworonshoki a Legas, MTN ya ɗauki na Enugu zuwa Onitsha, kamfanin iskar gas na NLNG ya rungumi na Bodo zuwa Bonny a jihar Ribas. A 2021 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince wa kamfanin man fetur na NNPC tituna 21 kan naira biliyan 621.

Kowane ɓangare na da hujjarsa. Gwamnati ta gaji da kwangilar da ake ware mata ɗan tsiraru a kasafi kowace shekara, ɗan kwangila ya zuba tsakuwa ya kwashe motocinsa, damina ta wanke aikin. Shi kuma ɗan kasuwa asara ce ke cin sa. Duk direban tirelar da ya taɓa kwana da kwanaki a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, yana shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, ba sai an yi masa bayani ba.

Sai dai akwai abin da allon da ake kafawa a bakin titi ba ya faɗi. Wannan ba kyauta ba ce. Haraji ne da ya kamata ya shiga asusun tarayya, a raba tsakanin Abuja da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Idan an zaftare shi tun daga tushe, kason Yobe ya ragu, na Zamfara ya ragu, alhali titin yana Legas. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sannan kuɗin bai bi ta gaban Majalisar Dokoki yadda sauran kasafi ke bi ba, inda aƙalla wakilin mazaɓarka zai iya miƙewa ya yi tambaya.

Zaɓen titin ma abin dubawa ne. Kamfani ba zai yi ɗokin hanyar da motocinsa ba sa bi ba, kuma ba laifinsa ba ne, riba ya fito nema. Manomin da tumaturinsa ke ruɓewa kafin ya kai bakin kwalta ba shi da kujera a teburin da ake wannan ciniki.

A ganina tsarin bai cancanci a jefar da shi ba, domin an ga aiki a ƙasa. Amma tunda dukiyar jama'a ce, wajibi ne a buga nawa aka kashe kan kowace kilomita, wa ya tantance farashin, kuma nawa aka yafe wa kowane kamfani. 'Yan majalisarmu da gwamnoninmu su nemi waɗannan alƙaluma, su karanta mana su a rediyo.