Yadda za ka sauya wa maɓallan kwamfutarka aiki, har ka samu ƙ, ɗ da ɓ

Duk wanda ya taɓa zama zai rubuta Hausa a kwamfuta ya san inda gizo ke saƙar. A waya abin da sauƙi: ka ƙara Hausa a Gboard, haruffan masu lanƙwasa suna nan kusa da yatsanka. A kwamfuta kuwa sai ka laluba allon maɓallan daga farko har ƙarshe, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Amma ga Caps Lock nan ya mamaye wuri mai kyau kusa da harafin A, bai da aiki sai ya mayar maka da rabin jimla manyan baƙaƙe ba ka sani ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, rubutun da ke jikin maɓalli fenti ne kawai. Idan ka danna, lamba ce allon yake aikawa, babbar manhajar kwamfutar ce ke yanke hukuncin abin da lambar take nufi. Ke nan ana iya gaya mata ta sauya hukunci.

Me ya sa abin ya dame mu?

Haruffa masu lanƙwasa sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da aka fara buga littattafan Hausa a Zariya, kafin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939. Ba ado ba ne. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Wanda ya rubuta cewa an yi fada a fada, ya bar wa mai karatu aikin gano wanne ne rigimar, wanne ne gidan sarki.

Rashin haruffan ne ya haifar da dabarun da muke gani kullum a Facebook da WhatsApp: qasa, d'aya, 'bata. Kafin nan kuma, gidajen buga jaridu da littattafai sun daɗe suna amfani da wasu salon haruffa na musamman da ke aron alamomin da ba a cika buƙata ba su mayar da su haruffan Hausa. A kwamfutar mai bugawa komai lafiya lau. Da zarar rubutun ya koma kwamfutar da ba ta da wannan salo, sai ƙasa ta zama }asa, ɗaya ta zama ]aya. Har yau akwai tsofaffin rubuce-rubuce a intanet da suka maƙale a haka, kuma wanda ya nemi kalmar da rubutunta na daidai ba zai taɓa cin karo da su ba.

Yanzu kowane ɗayan haruffan yana da lambarsa ta dindindin a tsarin Unicode: ƙ tana 0199, ɗ tana 0257, ɓ tana 0253, ƴ da ake amfani da ita a Nijar tana 01B4. A Microsoft Word, idan ka rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, nan take za ta rikiɗe ta zama ƙ. Dabara ce mai kyau ga mai kalma ɗaya ko biyu. Mai rubuta labari ko kundin kammala karatu ba zai jure ta ba.

Windows: abin da saituna ke iya yi, da wanda ba sa iyawa

Windows yana da tsarin allon Hausa nasa. Ana samunsa a Settings, sai Time & language, sai Language & region, a ƙara Hausa. Daga nan maɓallin Windows da Space su ne ke kai ka daga Turanci zuwa Hausa su dawo da kai. Sai dai wannan sauya tsarin allon ne gaba ɗaya, kuma sai ka haddace inda aka ajiye kowane harafi.

Idan kuwa maɓalli ɗaya kake so ka taɓa, saitunan Windows ba su tanadi wurin yin haka ba. Hanya mafi sauƙi ita ce PowerToys, manhajar kyauta ta kamfanin Microsoft da kansa. A cikinta akwai Keyboard Manager, mai ƙofa biyu: ɗaya ta sauya maɓalli guda, ɗaya ta sauya haɗin maɓallai. Tun ƙarshen 2023 ta iya sa maɓalli ya fitar da kowane harafi da ka liƙa mata, wannan kuwa shi ne ya buɗe wa Hausa hanya.

Shawarata a nan: kada ka taɓa Ctrl. Ctrl da B na kaurara rubutu, Ctrl da K na saka adireshin shafi, Ctrl da D na adana shafi a burauza. Ka ɗauki Alt na hannun dama, wanda kusan babu mai kula shi. Alt na dama da K su ba da ƙ, da D su ba da ɗ, da B su ba da ɓ. Sannan ka sake yin wasu uku da Shift a ciki domin Ƙ, Ɗ da Ɓ, don manhajar ba za ta gane manyan da kanta ba. Alt na hagu yana nan da aikinsa kamar da.

Akwai masu ba da Q, V da X sadaka, tunda Hausa ba ta amfani da su. Yana da daɗin bugawa, gaskiya. Amma ranar da za ka rubuta adireshin imel mai V a ciki, ko wasiƙar neman aiki da Turanci, za ka gane kurenka.

PowerToys tana da iyaka. Dole tana kunne a bayan fage sauyin zai yi aiki, kuma ba ta aiki a shafin da ake shigar da kalmar sirri lokacin kunna kwamfuta. Ba ta kuma iya taɓa Windows da L, ko Ctrl, Alt da Delete, domin Windows ya keɓe su saboda tsaro.

Wannan iyakar tana da muhimmanci ga wanda maɓallinsa ya mutu. Na taɓa zama da kwamfutar da shayi ya kashe wa Enter, aka ce sai an sauya allon gaba ɗaya, kuɗin kuma ba su samu ba a lokacin. Ga irin wannan, magani shi ne wani wuri a rajistar Windows da ake kira Scancode Map, inda ake musanya lambobin maɓallai tun daga tushe. Ƙaramar manhajar SharpKeys tana rubuta shi a madadinka, ka sake kunna kwamfuta, shi ke nan. Shift na dama ya zama Enter, na ci gaba da aiki wata da watanni. Sai dai wannan sauyi yana hawa kan duk wanda ke amfani da kwamfutar, kuma maɓalli da maɓalli kawai yake musanyawa, ba ya ƙirƙirar harafi.

Mac, Linux da Chromebook

A nan Apple ya fi sauƙaƙawa. Ka shiga System Settings, sai Keyboard, sai Keyboard Shortcuts, sai Modifier Keys. Za ka tarar da Caps Lock, Control, Option da Command, kowanne da jerin abin da za ka iya mayar da shi, har da kashe shi kwata-kwata. An ƙara damar mayar da Caps Lock ya zama Escape a 2016, shekarar da kamfanin ya cire maɓallin Escape daga wasu MacBook Pro. Wanda ya jona allon Windows a Mac ya lura Command da Option sun zauna a wuraren juna, nan ne zai daidaita su, kuma kowane allo da nasa saitin. Haruffan Hausa kuma ana iya samunsu ta wata manhajar, irin Keyman ko Ukelele na ƙungiyar SIL.

Linux yana zuwa da tsarin Hausa har biyu, ɗaya ƙarƙashin Najeriya, ɗaya ƙarƙashin Ghana, kuma Caps Lock yana da zaɓuɓɓuka birjik a GNOME Tweaks. Chromebook tun fitowarsa ya kori Caps Lock ya sa maɓallin bincike a gurbinsa, amma saitunansa na barin ka dawo da shi.

Shi kansa Caps Lock gadon keken rubutu ne, inda ake kulle Shift don kada yatsa ya gaji. A kwamfutar IBM ta 1981, Ctrl ne ke zaune kusa da A. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin ya fitar da sabon allo ya ba Caps Lock wurin, sauran kamfanoni suka bi. Shi ya sa masu rubuta manhaja da dama, abin da suke fara yi da sabuwar kwamfuta shi ne mayar wa Ctrl tsohon mazauninsa.

Maɓallan da ke da taurin kai

Fn ba ya jin magana. A yawancin kwamfutocin cinya, allon ne ke sarrafa shi a cikinsa, Windows ma bai san an danna shi ba. Masu ThinkPad, inda Fn ya daɗe yana zaune a kusurwar da yatsa ke neman Ctrl, suna iya shiga BIOS lokacin kunna kwamfuta, akwai zaɓin musanya su a can.

Sabon baƙo kuma shi ne maɓallin Copilot da Microsoft ya sanar a Janairun 2024, wanda a wasu kwamfutoci ya ture Ctrl na dama. Daga baya Windows 11 ya ba da damar sa shi ya buɗe bincike ko wata manhaja, a Personalization, ƙarƙashin Text input.

Wata matsalar kuma ba ta buƙatar sauya komai. Da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ke shigowa kasuwanninmu daga Turai suke. Ta Faransa tana farawa da AZERTY, kamar yadda aka saba a Nijar. Ta Jamus ta musanya Y da Z. Ta Ingila kuma tana da @ kusa da Enter, alhali ta Amurka tana da shi a kan lamba 2. Idan ka danna @ ka ga alamar zance ta fito, allon lafiyarsa ƙalau. An ɗora wa kwamfutar Ingila tsarin Amurka ne, ko akasin haka. Ka koma Language & region ka zaɓi wanda ya dace da fentin da ke jikin maɓallanka, kafin wani ya karɓi kuɗinka da sunan gyara.

Kafin ka sauya komai, ka duba kalmar sirrinka. Idan akwai alama ko harafin da zai bar mazauninsa, to ka san inda zai koma. Idan kuma ka riga ka maƙale a ƙofar shiga, akwai allon maɓallai na kan fuskar kwamfuta a ƙarƙashin alamar Accessibility da ke kusurwar ƙasa ta dama, ana danna shi da linzami.