Kwamfutar da ke gudun lissafin rabawa

 Yau za mu leƙa cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta mu ga wata dabara da take yi don kauce wa rabawa, lissafin da ya fi ba ta wahala.

A wasu na'urorin Intel na zamanin Skylake, ninka lamba biyu na ɗaukar bugun agogon na'urar 3 kacal, amma raba babbar lamba kan ci bugu 40 ko fiye. Wasu ƙananan na'urori ma, irin su Cortex-M0 na kamfanin ARM, ba su da umarnin rabawa sam. To yaya ake yi?

Amsar tana wurin kwamfaila, wato manhajar da ke juya abin da mai rubuta manhaja ya rubuta zuwa harshen na'ura, irin su GCC da Clang. Ka ce mata ta raba, ita kuwa sai ta ninka.

Ku ɗauko biro mu gwada. Muna son raba 100 gida 3. Maimakon haka, ninka 100 sau 334, ka sami 33,400. Goge lambobi uku na ƙarshe. Saura 33, amsar ke nan. Gwada 299: za ka sami 99,866, ka goge uku, saura 99. Daidai ne. Amma da ka kai 500 sai dabarar ta ba ka 167 alhali amsar 166 ce, domin 334 ta ɗan zarce sulusin dubu, kuma ƙarin yana taruwa. Gwanintar duka ita ce zaɓen lambar da ba za ta taɓa yin kuskure ba a iyakar lambobin da na'urar ke iya riƙewa. Wannan ne Torbjörn Granlund da Peter Montgomery suka fayyace a takardarsu ta 1994. Don raba lamba mai bit 32 (bit su ne lambobin 0 da 1 da kwamfuta ke aiki da su) gida 10, ana ninka ta sau 3,435,973,837, sannan a zubar da bit 35 na ƙasa. Idan ragowa ake nema, sai a ninka amsar da 10 a debe daga lambar farko.

Rabawa gida 2 ko 4 ko 8 ta fi sauƙi, zubar da bit kawai ake yi. A nan ne kuma masu rawar kai ke faɗawa rami. A harshen C, raba -7 gida 2 na ba da -3, amma zubar da bit na ba da -4. Kwamfaila ta san da haka, tana ƙara ɗan gyara. Mutumin da ya ce zai yi wayon da hannunsa sau da yawa yakan manta. Shawarata, rubuta rabawarka a fili, ka bar mata aikinta.

Sharaɗi ɗaya ne: dole kwamfaila ta san lambar da za a raba da ita tun kafin manhajar ta fara aiki. Idan sai daga baya lambar za ta bayyana, babu makawa sai an bi doguwar hanya, ko a nemi taimakon kundin libdivide, wanda ke lissafa lambar ninkawar sau ɗaya ya yi ta amfani da ita.