Yadda kyamara ke kai aikin kafintan Awe gaban masu saye a Abuja

Tun da sanyin safiya aka fito da gadon daga shago, aka girke shi gindin katanga inda inuwa ba ta kau ba. Masu ɗaukar hoton su biyu ne, daga Lafiya suka taso. Ɗaya ya kafa kyamara bisa maɗori mai ƙafa uku, ɗayan ya baza farin yadi ta baya, ya rufe tarin katako da kwanukan fenti. Kafintan kuwa na gefe riƙe da tsumma, kamar uban da za a kai ’yarsa ɗaki.

An fi sanin Awe, a kudancin Jihar Nasarawa, da gishiri. Sai dai a nan ma akwai masu sana’ar hannu da kasuwarsu ba ta wuce lokacin biki da bayan girbi ba. Ma’aikacin da ke neman kujeru a Abuja yakan nufi Kugbo ne, ko ya duba waya. Wanda aikinsa bai hau Facebook ko WhatsApp ba, tamkar bai yi ba.

Aikin ya ci lokaci. Man sheƙin da aka shafa wa katakon yana mayar da haske kamar madubi, don haka suka guji rana. Sun sauke kyamarar daidai ƙugu don kada ƙafafun gadon su fito a karkace, suka kara farin kwali ta gefe domin launin maɗacin ya fito yadda ido ke ganinsa. Daga nan suka matso kusa: mahaɗar katako, sassaƙar allon kai, har bayan gadon da ba a cika nunawa ba.

A nan aka ɗan ja. Kafintan ya so a goge wani ƙulli da ke jikin itacen ta kwamfuta. Mai hoton ya ƙi. Hujjarsa ita ce mai saye daga nesa amana yake biya, kuma ranar da mota ta sauke kaya ya ga saɓanin hoto, ciniki ya mutu har na gaba.

Batun ya shafi masu riƙe da takardun sayen kayan gwamnati. A 2017 aka sa hannu kan Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003, wanda ya buƙaci ma’aikatu su fifita kayan gida. A Oktoban 2023 kuma Babban Bankin Najeriya ya ɗage takunkumin canjin kuɗi kan kayayyaki 43, ciki har da kayan ɗaki. Gasa ta ƙaru ke nan, kuma jami’i ba ya fifita abin da bai taɓa gani ba.

Kafin azahar aka naɗe yadin. Kafintan ya karɓi waya, ya daɗe yana kallon gadon da ya yi makonni yana sassaƙa, sannan ya tura hoton ga wani ɗan garinsu da ke aiki a sakatariyar tarayya.