Shelar Baƙuwar Kwamfuta Bayan Ƙaura: Tsarin Lokacinta da Dalilin Sauya Shi

Gabatarwa

A wannan maƙala za mu yi ƙoƙari mu bayyana wani ɗan ƙaramin al'amari na fasahar kwamfuta wanda ba kasafai ake lura da shi ba sai ranar da ya kuskure, watau shelar da ake yi wa baƙuwar kwamfuta bayan an sauya mata masauki. Za mu duba abin da ya sa ake yin shelar, da yadda aka tsara lokacinta, kana da dalilin da ya sa aka bai wa masu kula da na'urori ikon sauya wannan tsari.

Baƙuwa da Mai Masauki

Abin da muke kira baƙuwar kwamfuta a nan shi ne kwamfutar da ba ta da jiki nata na ƙarfe, manhaja ce ke kwaikwayonta a cikin wata babbar na'ura. Ita wannan babbar na'ura ita ce mai masauki, kuma takan ɗauki baƙi da yawa a lokaci guda. Ɗaya daga cikin manhajojin da suka yi fice a wannan aiki ita ce QEMU, wadda wani Bafaranshe mai suna Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003.

Idan mai masauki na bukatar gyara, ko kuwa kaya sun yi mata yawa, ana iya ɗauke baƙuwa zuwa wata na'ura ba tare da an kashe ta ba. Akan riƙa kwafe abin da ke ƙwaƙwalwarta sannu a hankali tana cikin aiki, sa'an nan a tsayar da ita na ɗan ƙiftawar ido a kwashe ragowar, a tashe ta a sabon wuri. A 2005 masu binciken manhajar Xen suka nuna cewa wannan tsayawa na iya raguwa har zuwa milisakan 60. Milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Dalilin Shela

Kowace kafar sadarwa ta kwamfuta tana da lambar shaida da ake kira adireshin MAC. Na'urar da ke rarraba saƙonni tsakanin kwamfutoci, wadda za mu kira mararraba, tana da kundi inda take rubuta ta wace ƙofa ake samun kowane adireshi. Ba wanda ke faɗa mata. Tana koyo ne daga saƙonnin da suka ratsa ta, domin kowane saƙo yana ɗauke da adireshin wanda ya aiko shi. In ta daɗe ba ta ji motsin wani adireshi ba, sai ta share shi, kuma bisa al'ada takan jira sakan 300 kafin ta yi haka.

To, a nan matsalar take. Baƙuwa ta ƙaura da adireshinta, amma kundin mararraba yana nuna tsohuwar ƙofa. Idan baƙuwar mai yawan aika saƙo ce, nan da nan za a gyara kundin. Idan kuwa irin wadda ke zaune shiru ce tana jiran a neme ta, saƙonninta za su yi ta tafiya kango, ita ba ta ji ba balle ta amsa, har tsawon minti biyar. Ga asibiti ko banki da ya dogara da ita, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Saboda haka da zarar an gama ƙaura, QEMU takan watsa wani gajeren saƙo da sunan baƙuwar, domin duk mararrabar da ta ji ta gyara kundinta. Tana amfani da ƙa'idar RARP, wadda aka wallafa a 1984, saboda adireshin MAC kaɗai ta sani, ba ta san adireshin IP na baƙuwar ba. Inda baƙuwa ke amfani da kafar virtio, akan roƙe ta ta yi shelar da kanta ta hanyar ƙa'idar ARP ta 1982, tun da ita ce ta san dukan adireshinta.

Tsarin Lokaci

Mai shela ba ya faɗa sau ɗaya ya tafi. Shekara da shekaru tsarin QEMU a kafe yake: shela biyar, ta farko nan take, sauran kuma bayan jiran milisakan 50, da 150, da 250, da 350. Jimla dai, cikin milisakan 800 an gama kome. Wannan ya wadatar muddin hanya a buɗe take tun farko.

Sai dai kuma a manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, kamar masu amfani da OpenStack, manhaja ce ke shimfiɗa wa baƙuwa hanya a sabon masauki, kuma wani lokaci takan makara. In hanya ba ta buɗe ba sai bayan sakan guda, shelar nan biyar duk sun faɗi a banza.

Don magance wannan, fitowar QEMU ta 4.0 a 2019 ta mayar da lambobin abin da mai kula zai iya sauyawa. Ma'aunai huɗu ne: jiran farko, wanda asalinsa milisakan 50 ne, ƙarin da ake yi wa kowane jira, milisakan 100, iyakar da jira ba zai wuce ba, milisakan 550, da kuma yawan zagaye, watau biyar. Daɗin daɗawa, an samar da umarnin da za a sa a yi shela a kowane lokaci, ko da ba a yi ƙaura ba.

Alal misali, a ce buɗe hanya na ɗaukar sakan uku. Idan aka mayar da zagaye goma aka bar sauran ma'aunai yadda suke, jira zai riƙa hawa har ya kai 550 ya tsaya a nan. Shela ta tara za ta fita a milisakan 2900, ta goma kuwa a 3450. Ta goman ce kaɗai za ta samu hanya, don haka mai hankali zai ƙara zagaye fiye da goma, ya bar wa kansa rara.

Amma ba a cewa a yawaita ba iyaka. Saƙon shela yana isa ga kowace na'ura da ke cikin unguwar sadarwar, kuma idan ana kwashe baƙi ɗari a dare guda, hayaniyar za ta yi yawa. Haka nan idan aka tsawaita jira, baƙuwa za ta daɗe a ɓace bayan hanya ta buɗe.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa nasarar ƙaura ba ta tsaya ga kwafe ƙwaƙwalwa ba, sai maƙwabta sun san sabon gida. Ya kamata mai kula ya fara auna tsawon lokacin da hanyarsa ke ɗauka kafin ta buɗe, sa'an nan ya zaɓi yawan zagaye da iyakar jira da za su zarce wannan lokaci. A yi wannan awo tun kafin bukata ta taso, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.