Mu Haɗa wa Yaranmu Littafi a Gida

Iyaye da yawa a Bacirawa da ƙauyukan kewaye suna ganin yaro ba ya bukatar littafi sai ya shiga firamare. Amma yaro yana fara tara kalmomi tun yana goye. Yawanci yakan faɗi kalmarsa ta fari wajen shekara 1, wajen shekara 2 kuma ya haɗa biyu, kamar "Inna zo". Yaron da ake yawan hira da shi yakan shiga aji ɗaya da bakinsa a buɗe, karatu ya zo masa da sauƙi. Littafi mai hotuna yana jawo irin wannan hira. Na kanti da tsada, amma iyali za su iya haɗa nasu.

Abubuwan da ake bukata: kwalin sabulu ko na taliya, zare da allura, almakashi, gawayi, shuni, jar ƙasa, da ƙaro don liƙawa.

1. A yanka kwali gida 4 daidai da juna, a ninka, a ɗinke tsakiya.
2. A bar yaro ya zaɓi abin da za a zana: akuyar gida, jaki, rumbu, zangarniyar gero, fartanya.
3. Hoto ɗaya a kowane shafi. Yayyensa su zana, ko su yanko daga tsohuwar kalanda.
4. Wanda ya iya rubutu ya sa sunan abin a ƙasa da manyan baƙaƙe, cikin Hausa, kada ya manta lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ.
5. Kaka ta ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a mai da ita littafi na biyu.

Da yamma ku ɗora yaron a cinya, ku nuna hoto ku tambaye shi, "Mene ne wannan? Me yake ci?" Ku jira ya amsa. In ya ce "akuya", ku ƙara masa, "I, jar akuya tana cin harawa." Uwa ko uban da bai yi boko ba zai iya wannan sarai.

A ajiye littafin cikin leda saboda gara da ruwan damina. Zumuntar mata da malaman makarantar Lahadi za su iya shirya musaya tsakanin gidaje.

In yaro ya cika shekara 2 bai fara magana ba, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, a kai shi asibiti a duba kunnensa.